Mikin ƙafar Baba wata huɗu bai rufe ba

Maman Ikilima (Yelwa, Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fi ƙarfina. Mahaifinmu yana fama da ciwon suga shekara goma sha ɗaya ke nan. A watan Afrilu, tsakiyar zafin nan da ko kare ba ya fita, ya makara zuwa Juma'a bai samu wuri a ciki ba. Ya tuɓe takalmi ya taka simintin harabar masallaci har ya kai sahu. Shi bai ji komai ba. Sai da dare ƙanwata ta kai masa tuwo ta ga ƙafarsa ta dama ta yi bororo a ƙarƙashin babban yatsa. Muka ce ƙuna ce, kwana goma ta warke. Yau ga mu a Agusta. Mikin bai wuce faɗin tsabar dala ashirin ba, amma ya ƙi rufewa. Bakinsa ya yi fari ya yi tauri, cikinsa kuma kullum a jiƙe. Ana wanke shi duk bayan kwana biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku muka saya. A satin da Baba ya ƙone, ɗana ya faɗo daga keke ya ɗaye gwiwa, raunin ya fi na Baba girma nesa ba kusa ba, ko sati biyu bai yi ba ya zama tabo. Me ya sa na Baba ya tsaya wuri ɗaya?

Goggo Ladi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. 'Yata, ni dai ban yarda da miki mai wata huɗu ba. Mutum ɗan kasuwa, ba a rasa masu baƙin ciki. Wa ya sani ko wani abu ya taka. A haɗa da neman taimako a gida.

Sani Mai Moto:
Goggo ki yi haƙuri, wannan maganar ce ta ci ƙafar mahaifiyata. Wata biyu muna yawon neman maganin sammu, ana shafa mata gari ana ɗaurewa da tsumma. Ranar da muka kai ta asibiti yatsu biyu sun riga sun yi baƙi. Daga ƙasan gwiwa aka yanke. Yaya, kada ki bi hanyar da muka bi.

Nasiru (ɗan Marwa, ina karatu a Yawunde):
Allah ya ba Baba lafiya, Yaya. Ni ba likita ba ne, garkuwar jiki nake karanta, kuma tambayar nan taki ita ce masu bincike suka yi shekaru suna bi. Bari in faɗi abin da na sani, masu aikin asibiti su gyara min.

Mutum mai lafiya idan ya ji rauni, jini ne ke fara daskarewa ya toshe wurin. Cikin 'yan awoyi sai fararen ƙwayoyin jini su iso. Na farkon zuwa ana ce musu nutrofil. Aikinsu kisa ne kawai, su haɗiye ƙwayar cuta, su zuba mata guba, su ma su mutu a wurin. Mugunyar da muke gani a miki yawancinta gawarwakinsu ne. Bayansu sai wasu manya su zo, makrofej, ma'anar sunan babban maci. Su waɗannan fuska biyu gare su. Kwanakin farko mayaƙa ne, suna hura kumburi suna kiran 'yan uwa. Da sun cinye gawarwakin nutrofil, wurin ya yi tsabta, sai halinsu ya juya, su daina hura wuta, su koma kiran magina: sababbin jijiyoyin jini su tsiro, jan nama ya cike ramin, fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. Abin da ya faru a gwiwar ɗanki ke nan.

A jikin mai suga, wannan juyin ne ba ya faruwa a kan lokaci. Makrofej su tsaya a halin yaƙi sati da satittika. Kin san manomi yana ƙona gona kafin shuka, to amma in wutar ta ƙi mutuwa yaushe za a zuba iri? Duk naman da ya fara tsirowa, sinadaran da ke narkar da nama suna nan da yawa suna cinye shi. Ga kuma abu biyu da suga ya riga ya ɓata tun kafin ƙunar: jijiyoyin ji sun mutu, shi ya sa Baba bai ji zafin simintin ba, kuma hanyoyin jini na ƙafa kan ƙuntata.

Alhaji Mamman (Ngaundere):
Yaro, ka yi bayani mai daɗi. Amma ni shekara goma sha shida ina da suga, abin da aka gaya min tun farko shi ne jinin ya yi zaƙi, ƙwayoyin cuta suna samun abinci. Wannan bai isa ba? Sai an kawo mana sunaye masu karya harshe?

Nasiru:
Baba Alhaji, ranka ya daɗe, abin da aka gaya maka gaskiya ne amma bai cika ba. Da ƙwayar cuta ce kaɗai matsalar, da maganin kala uku da aka sayo ya rufe mikin. Akwai mikin suga da za a duba babu alamar cuta ta kama shi, amma ba ya rufewa. Kuma ba sabon zance ba ne cewa makrofej na da hannu a warkewa. Tun 1975 wasu masu bincike biyu, Leibovich da Ross, suka rage makrofej a jikin dabbobin gwaji, sai suka ga raunin ya kasa tsabtacewa, sabon nama ya yi jinkirin fitowa. Daga nan aka gane ba shara kaɗai suke yi ba, su ne masu ba da umarnin gini.

Na nutrofil ma akwai abin mamaki. A 2004 aka gano a wata cibiyar Max Planck da ke Balin ta Jamus cewa nutrofil kan fasa cikinsa ya watso zaren gadonsa, wato DNA mai ɗauke da gadon halitta, waje kamar komar masunta, ƙwayoyin cuta su maƙale a ciki. Dabara ce mai kyau in an yi ta daidai kima. To a 2015 ɗakin binciken Denisa Wagner a Boston ta Amurka ya nuna cewa nutrofil ɗin masu suga, mutane da ɓeraye duka, sun fi saurin jefa komar nan, kamar a ɗane suke. Koma ta yi yawa a cikin rauni sai ta zama ƙazanta, ta hana magina wucewa. Da suka ɗauki ɓerayen da ba su da sinadarin da ke sa a jefa komar, PAD4 sunansa, rauninsu ya fi saurin rufewa. Da suka ba wasu ɓerayen maganin da ke tsinka zaren, su ma haka.

Alhaji Mamman:
Ɓera. To ka ji. Mu nan allurar insulin ma sai mutum ya yi lissafi kafin ya saya, ya nemi maƙwabci mai firij in an ɗauke wuta. Ɓeran Boston ya warke, wannan baiwar Allah tana tambayar ƙafar ubanta. Binciken nan na Turawa ne, don Turawa. Me za ta yi da shi gobe da safe?

Hajiya Rabi (nas, Kuseri):
Alhaji, a wani ɓangaren ina tare da kai, amma bari in sa baki. Shekara ashirin da biyu ina wanke miki, har daga ƙetaren gada ake zuwa mana daga Njamena. Maman Ikilima, amsa min waɗannan. Baba yana taka ƙafar? Nawa sugansa ya nuna a awon ƙarshe? Akwai wari? Ƙafar da ɗumi take ko da sanyi in kin taɓa? Kuma wannan farin bakin mai tauri, an taɓa yanke shi?

Maman Ikilima:
Inna Hajiya, yana takawa. Kullum sai ya je shago a babbar kasuwa, ya ce ai ba ya masa ciwo. Salla biyar a masallaci. Suga da safe kafin ya ci komai giram 2.8 a lita ya nuna ranar Litinin. Wari babu sosai. Ƙafar da ɗumi. Ba a taɓa yanke komai ba, wanda ke wankewa jan magani yake zubawa ya naɗe.

Hajiya Rabi:
To ga ciwon nan a fili. Wanda ba shi da suga, awon safe ba ya kai 1.26, na Baba ya ninka haka har da ɗori. Sannan mutum mai nauyi yana dirka ƙafarsa a kan miki sau dubbai a yini. Ko ba suga, wane nama ne zai tsiro a haka? Rashin jin zafin nan shi ne babbar musiba, domin zafi ne ke sa mutum ya ɗingisa ya huta da ƙafa. Wannan farin bakin kanta ce, matacciyar fata, tana danne gefen mikin kamar bakin rijiya. Sai an fere ta da wuƙar tiyata, a hannun wanda ya iya, ba reza a gida ba. Sau nawa nake ganin miki ya yi wata uku a tsaye, a fere shi har ya ɗan yi jini, a ɗauke masa nauyi, bayan sati biyu ka ga jan nama ƙwaya-ƙwaya kamar cikin gwaiba. Ranar da na ga wannan jan a ƙafar majinyaci nakan koma gida da farin ciki.

Ku kai shi babban asibiti, ba ɗakin wanke miki kawai ba. A taɓa bugun jini a bayan ƙafa da wajen idon sawu. A sa ƙarfen gwaji a ji ko ramin ya kai ƙashi, in ya kai a ɗauki hoto. A yi awon nan na matsakaicin suga na wata uku. Kuma ku daina sayen maganin kashe ƙwayoyi da kanku. In miki bai kamu da cuta ba maganin ba ya rufe shi, ƙoda kawai yake wahalarwa, ƙwayoyin kuma su saba da shi.

Nasiru:
Inna Hajiya, na gode, kuma abin da kika ce game da ferewa shi ne amsata ga Baba Alhaji. Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu don kada in cika ku da surutu. Da farko masu bincike sun ɗauka kumburi ne ya yi yawa, a rage shi shi ke nan. Da aka koma kan mikin mutane na gaske sai lissafin ya canza. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mayami suka duba naman da aka yanko daga mikin ƙafar masu suga, suka tarar sojojin ma ba sa isowa yadda ya kamata, kiran da ake musu ya yi rauni. A 2022 kuma ƙungiyar Aristidis Veves a Boston ta bi ƙwayoyin miki ɗaya bayan ɗaya, ta kwatanta waɗanda suka warke cikin sati goma sha biyu da waɗanda ba su warke ba. Waɗanda suka warke su ne ma suka fi yawan makrofej masu halin yaƙi.

Yadda na fahimce shi: raunin mai lafiya wutar kara ce, ta tashi da ƙarfi ta cinye ƙazanta ta mutu. Mikin suga wutar ƙaiƙayi ce, ba ta tashi ba ta mutu ba, tana ci a ƙasa. Idan Inna Hajiya ta fere matacciyar fatar har jini ya fito, tana mai da tsohon miki sabon rauni ne, a sake kiran sojoji daga farko. Hannunta ya riga ya san abin, binciken ya zo yana faɗin dalili.

Alhaji Mamman:
Wato yau su ce kumburi ya yi yawa, gobe su ce bai isa ba. Wa za mu bi?

Nasiru:
Duka biyun gaskiya ne Baba, lokaci ne ya bambanta su. Ruwan sama ma manomi yana roƙonsa a Yuni, amma in ya zo bayan an yanke gero an shanya, ɓarna ce. Kuma ɓera ba mutum ba ne, a nan na yarda da kai. Fatar ɓera sakwa-sakwa ce, rauninsa tsukewa yake yi kamar bakin jaka, namu kuwa sai an cike shi da nama. Magunguna da yawa sun yi aiki a ɓera suka kasa a mutum. Shi ya sa nake ganin binciken da aka yi da naman mutane ya fi nauyi.

Malam Idi (Gider):
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa. Ni tambayata a kan zuma ce. Allah Maɗaukaki ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane, a Suratun Nahli. Zumar Adamawa kuwa kowa ya san kyanta. Me zai hana a shafa?

Hajiya Rabi:
Allah ya gafarta Malam, babu musulmin da zai musa ayar. Zuma tana da amfani, a ƙuna marar zurfi ma an gwada an ga tana gaggauta warkewa. Amma wadda ake sawa a miki a asibitocin waje an tace ta an kashe duk abin da ke cikinta, ba irin ta galan da ake sayarwa a bakin hanya ba, wadda wani lokaci har da fikafikan ƙudan a ciki, wani lokaci ma an sirka ta da sukari. Kuma kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar masu suga, a ƙa'idojinsa na 2023, bai ba da shawarar zuma don rufe irin wannan mikin ba, saboda hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Abin da na fi tsoro shi ne a shafa zuma a samu natsuwa, a bar mutum yana takawa. Malam, in za ka taimaka, akwai wurin da maganarka ta fi tawa tasiri: dattijon nan ba zai bar zuwa masallaci don nas ta ce ba.

Malam Idi:
Na karɓa Hajiya, kowa da fanninsa. Maman Ikilima, ki gaya wa Baba, ko ki ba shi wayar ya ji daga bakina. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini da yake rashin lafiya: yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Cuta uzuri ce ta barin jam'i. A sujada babban yatsa ake kafawa a ƙasa, daidai inda mikin yake, to ya zauna ya yi sallarsa. Alwala kuma ba sai ya kwance ɗaurin ba, ya yi shafa a kansa, malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin wannan a babin shafa a kan ɗauri. Jiki amana ne. In ya yi gardama ki faɗa min, Gider zuwa Garwa ba nisa, zan zo da kaina.

Goggo Ladi:
To ni na yi shiru. Tsoro ne ya sa na yi magana, mijina ma da ƙafa aka fara. Addu'a dai ba a hana ta ba ko?

Malam Idi:
Wa zai hana addu'a, Goggo? A yi ta, a kuma je asibiti.

Zainabu (Njamena):
Ni ina da suga tun haihuwata ta uku. Nasiru, tambaya. In Baba ya dage sugansa ya sauka a satin nan, sojojin za su dawo daidai nan take?

Nasiru:
Anti Zainabu, saukar sugan zai taimaka ƙwarai, nutrofil sun fi iya kisa idan suga bai yi sama ba. Amma ba nan take komai ke komawa ba. Waɗannan ƙwayoyin a ɓargo ake haifarsu. Katherine Gallagher, likitar tiyatar jijiyoyin jini a Jami'ar Mishigan, ta nuna a 2015 cewa a ɓerayen da ke da suga, tun iyayen ƙwayoyin da ke cikin ɓargo sun samu wata alama a kan gadonsu, wadda ke sa 'ya'yan su fito da son hura kumburi. Gadon kansa bai canza ba, alama ce aka yi a kansa, kamar littafin da aka naɗe wa wani shafi, duk wanda ya buɗe nan zai faɗa. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mai suga da ba shi da miki yau, kula da sugansa na yau shi ne maganin mikin da bai zo ba tukuna. Wanda ke da miki kuma kada ya karaya in ya yi sati biyu yana kiyayewa bai ga canji ba.

Alhaji Mamman:
Har yanzu ban ji sunan magani ɗaya da duk wannan binciken ya haifar ba.

Nasiru:
Akwai, ranka ya daɗe. A Taiwan an yi wani man shafawa, ON101 a wajen gwaji, Fespixon a kasuwa, an yi shi ne musamman don ya daidaita halin makrofej. An gwada shi a kan mutum 236 a Taiwan da Sin da Amurka, aka buga sakamakon a 2021. Cikin sati 16, kusan kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka shafa wa mikinsu ya rufe, na waɗanda aka sa wa ɗauri na zamani kawai kuma kashi 35. Daga tsirrai biyu aka tatso shi.

Sani Mai Moto:
Tsirrai? Ashe masu garin ba ƙarya suke ba ke nan?

Nasiru:
A'a Yaya Sani, ka fi kowa sanin bambancin. Can an tatso sinadarin, an auna yawansa, an tsabtace shi, an raba mutane gida biyu an ƙirga wa ya warke wa bai warke ba. Kuma duk waɗanda aka gwada a kansu ana fere musu mikin ana kula da su, mikin nasu ma ba mai zurfin gaske ba ne. Garin da aka daka a turmi aka shanya a ƙasa, ƙura da ƙwayoyin cuta yake kai wa cikin rami. Ba na raina itatuwanmu, ina ma a ce a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a yi musu irin wannan awon.

Baba Alhaji, zancen cewa bincike na Turawa ne kuwa, a nan ba zan bi ka ba. Farfesa Jean Claude Mbanya ɗan Kamaru ne, ya shugabanci tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya daga 2009 zuwa 2012. Cibiyar Pasteur ta binciken cututtuka tana da reshe a Garwa, ga tsangayar koyon likitanci a garin. Wanda ya shahara da binciken yadda ƙwayar jiki ke haɗiye baƙon abu, Mecnikof, a 1882 a Messina ta Italiya, ƙaya ya soka wa jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, washegari ya leƙa madubin ƙara girma ya ga ƙwayoyi sun yanyame ƙayar. Ƙaya da madubi. Mu muke da zafin da ke dafa ƙafa a harabar masallaci, mu muke da faso lokacin hunturu, mu muke jin ɗumi da kaskon wuta. In ba mu duba mikinmu da kanmu ba, ba wanda zai taso daga Boston ya duba mana shi.

Alhaji Mamman:
Allah ya yi maka albarka, ka gama karatun ka dawo gida mu gani. Ni dai matsayina bai canza ba a kan abu ɗaya: kafin man Taiwan ya iso Ngaundere a farashin da talaka zai iya, an yanke ƙafafu da yawa. A fara da insulin da abin awo su yi araha. Amma na yarda ban san ferewa tana da dalili ba, ni da na ɗauka ƙara rauni ne. Akwai kanta a diddigena, gobe zan je a duba.

Hajiya Rabi:
Ka je Alhaji, kada ka jiƙa ta a ruwan zafi, kada ka goge da dutse. Duk mai suga da ke karanta wannan: kowane dare a duba tafin ƙafa, in ido bai kai ba a sa madubi ko a kira jika. A zazzage takalmi kafin a sa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. A shafa man kaɗe a diddige, ban da tsakanin yatsu. Masu hawa moto ku kula da salansa, na ga ƙunarta a ƙafar masu suga ba sau ɗaya ba.

Maman Ikilima, ga wata dabara. Ranar da aka fere mikin, ki roƙi mai wankewa ya ɗora farar leda mai tsabta a kai ya zana gefensa da alƙalami, a rubuta kwanan wata. Duk sati a sake. Ido yana ruɗi, zane ba ya ruɗi. In an yi sati huɗu ana yin komai daidai bai ragu da rabi ba, a koma wurin likita a sake bincike, wataƙila jini ne ba ya isa ko ƙashi ya kamu. In kuwa kika ga ja yana hawa ƙafa, ko wari, ko yatsa ya fara duhu, ko Baba ya kasa cin abinci, ko da tsakar dare ne ku tafi. Kada ku jira zazzaɓi, mai suga kan kamu da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Bayan ya rufe ma aiki bai ƙare ba, wajen mutum huɗu cikin goma mikin kan dawo musu cikin shekara guda, don haka takalmin da zai sa nan gaba shi ma magani ne.

Maman Ikilima:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Baba saƙon Malam, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shagon fa? Yayanmu ya ce zai zauna masa. Gobe da asuba za mu tafi.

Maman Ikilima:
Salam 'yan uwa, yau kwana goma sha shida. Ƙarfen bai taɓa ƙashi ba, alhamdu lillahi, bugun jini kuma likita ya ce yana ji. Awon wata ukun kashi 10.4 ya nuna, suka ce kusa da 7 ake so, an sa shi a insulin safe da yamma. Da aka fere kantar sai mikin ya fito ya ninka yadda muke ganinsa, ashe ya yi rami a ƙarƙashin fatar. Na tsorata, na fita waje na yi kuka. An yi masa wani takalmi mai tudu a diddige yadda gaban ƙafar ba ya taɓa ƙasa, daga gado sai banɗaki. Ledoji uku muke da su yanzu. Ta uku in na ɗora a kan ta farko, zanen ya shigo ciki kamar kaurin ƙwayar shinkafa ta ɓangaren yatsa. Inna Hajiya, na ga jan nan da kika ce, a gefe ɗaya. Suga da safe yana tsakanin 1.4 da 1.7.

Matsalar yanzu zama ne ya ishe shi, jiya na kama shi a zaure yana neman tsohon takalminsa. Ko akwai mai keken guragu a Garwa da zai ara mana na wata biyu, ko Juma'a a riƙa tura shi?

Sani Mai Moto:
Na mahaifiyata yana nan, tunda ta samu ƙafar roba ba ta hawa. Taya ɗaya ce ta sace, zan kai a liƙe yau. Turo min kwatancen gidan ta akwatin sirri, bayan la'asar zan ɗauro shi a moto.

Hajiya Rabi:
Ki ɓoye tsohon takalmin. Leda ta biyar ki ɗauko min hotonta tare da ta farko.